Sana'ar shiga tsakani: abin da ɗan Gozaki zai duba kafin ya zaɓe ta

A 'yan shekarun nan, idan ka tambayi samari da 'yan matan da suka gama karatu a Kafur ko Malumfashi ko Funtuwa aikin da suke hange, da wuya ka rasa mai ce maka yana son aikin ƙungiya, wato irin ƙungiyoyin nan masu fararen motoci da ke shigowa ƙauye da takardun tambayoyi. Wasu daga cikinsu sun ji cewa akwai fannin karatu sukutum a kan sadarwa tsakanin mutane masu harshe da al'ada daban-daban, har ana samun abinci da shi. Gaskiya ne akwai shi, kuma ina cikin masu ganin cewa ɗan wannan yanki ya fi mutane da yawa dacewa da shi. Damuwata ita ce yadda ake fahimtar aikin. Yawancin masu sha'awarsa sun ɗauka shi ne ka iya Turanci, ka karɓi saƙo daga ofis, ka sauke wa mutanen ƙauye da Hausa. Wannan rabin aikin ke nan, kuma shi ne rabin da ba ya wuya. Rabin da ake neman mai yi ruwa a jallo shi ne ɗauko amsar mutanen ƙauye yadda take, a kai ta ofis, a tsaya a kanta har a saurara. Duk wanda zai tsara rayuwarsa a kan wannan sana'a, a nan ya kamata ya kafa ta.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da 'yan uwansa na Gusau da Gombe, kuma su ne irinsu na farko a Nijeriya. An yi hanyoyin karkara, an gina wuraren sayar da taki, an ɗebi malaman gona an ba su babura. Masarar da ta cika gonakinmu a yau har ake lodinta daga Ɗandume da Funtuwa zuwa Kudu, tana cikin abin da shirin ya bari, kuma ba mai ƙwace masa wannan. Amma a kan auduga da haɗa shuka, an daɗe ana magana ba a ji juna ba. Binciken cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru ya nuna cewa audugar da aka shuka da wuri, a watan Yuni, ita kaɗai a gona, aka yi mata feshi a kan lokaci, ta fi ba da amfani nesa ba kusa ba. Manomi kuwa sai cikin Yuli yake juyowa kanta.

Dattawan da suka ga zamanin suna iya kwatanta maka yadda abin yake faruwa. Malamin gona zai kafe babur a bakin gona, ya gaisa, ya ce, "Baba, bana a daure a shuka audugar nan da wuri, kuma kada a sa mata wake a tsakani." Dattijo zai jingina da fartanya ya ce, "To, Malam, mun gode. Allah ya kai mu." Malam ya koma ya rubuta cewa an kai saƙo, manomi ya karɓa. Manomi kuma ya koma noman gero da dawa, domin a Yuni hannu ba ya isa, kuma mai iyali ba zai bar abin da za a ci ya kama abin da za a sayar ba. Bai yi wa baƙonsa musu ba saboda ba a yi wa baƙo musu a bakin gona. Dukansu Hausawa ne, da Hausa suka yi magana, amma ɗaya yana lissafi da buhu nawa eka za ta bayar, ɗayan yana lissafi da rumbu da yawan masu riƙe fartanya a gidansa. Sai da masu bincike irin su David Norman na Samaru suka zauna a ƙauyukan ƙasar Zazzau suna auna aikin manomi mako-mako, sannan aka yarda a rubuce cewa haɗa gero da dawa da wake lissafi ne mai kyau ga wanda ƙarfin aiki ya yi wa ƙaranci kuma yake tsoron fari. Malaman gona da yawa sun san haka tun farko, iyayensu ma haka suke noma. Ba a ɗauke su aiki don su faɗa ba, ba a kuma koya masu yadda za su faɗa a ji ba.

Gozaki tsohon gari ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya sa shi tare da Maska cikin manyan garuruwan kudancin ƙasar Katsina tun kafin jihadi. Yaron da ya tashi a nan ya tashi cikin cakuɗa ko bai lura ba. Akwai Fulani a ruga, akwai Maguzawa a gidajen gona da Hausawa Kirista da suka fito daga cikinsu, akwai Yarabawa da Ibo masu sayen hatsi da masu kanti a Funtuwa, garin da jirgin ƙasa da injin gurzar auduga suka tara wa baƙi tun zamanin Turawa. Ya san gidan da ake shiga da wanda ba a shiga, ya san wanda ake tuɓe wa takalmi, ya san cewa akwai maganar da ba a kai wa mai gari sai an biyo ta hannun wani. Wannan jari ne da jami'a ba ta sayarwa. Sai dai jari ne kwance, kuma yawanci yaro yana zuwa makaranta ne a nuna masa cewa abin kunya ne, ya ajiye shi a ƙofar aji.

Sana'ar kanta tana da tarihi a ƙasar Hausa, mai daɗi da marar daɗi. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a tsakiyar ƙarni na 19, shi ya zauna da James Schön a Ingila yana ba shi labarai da Hausa, har aka samu abin da aka kafa nazarin harshen a kansa a can. Adamu Jakada ya yi ta kai da kawowa tsakanin Turawa da fadar Kano a lokacin da ake shirin cin ƙasar. Daga zamanin Nasara ne kuma tafinta ya yi baƙin suna, domin talaka ya ga yadda mutum ɗaya da ke tsaye tsakanin Joji da mai ƙara yake iya ɗaure ka ko ya sake ka da abin da ya ga damar faɗa. Wanda nake so matasanmu su duba shi ne Abubakar Imam. An san shi da littattafai da kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya fara shiryawa a 1939, jaridar da gwamnati ta kafa don ta isar da saƙonta. Amma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya zauna da Lugard ya zayyana masa damuwar mutanen Arewa game da mulkin da shi Lugard ɗin ya shimfiɗa. An ɗauke shi ya riƙa saukar da magana, shi kuwa ya riƙa hawa da ita sama. Wannan ne ya sa har yau ake ambatonsa, aka manta da ɗaruruwan tafintocin zamaninsa.

A namu zamanin, rigakafin shan inna ya sake koya mana darasin da tsada. A 2003 aka dakatar da allurar a Kano da wasu jihohin Arewa, aka yi kusan shekara ana ja, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. An fassara bayanan likitoci zuwa Hausa iya fassarawa. Abin da mutane ke tambaya daban ne. Me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓi ko ƙyanda sai mun sayi magani? Kuma ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Al'amarin bai juya ba sai da aka saurari waɗannan tambayoyi, aka sa sarakuna a gaba ƙarƙashin Sarkin Musulmi, aka ɗauki matan unguwa da ake yarda da su suna shiga gidaje, aka haɗa allurar da duba lafiyar yara da wasu magunguna. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Matan nan da suka yi ta zama a tsakar gida suna rarrashin uwar miji, sun yi aikin sadarwa tsakanin al'adu fiye da yawancin masu takardar shaida a kansa, kuma abin takaici ne yadda ake biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

To, mai son wannan hanya daga ina zai fara? Shawarata ita ce kada ya nemi sadarwa ita kaɗai. Ba wanda zai ɗauke ka aiki don kawai ka iya zama da mutane. Ana ɗaukar malamin gona da ya iya, da ungozoma da ta iya, da akawun kotu da ya iya, da dillalin hatsi da ya iya. A riƙe fanni guda da kyau, noma ne ko lafiya ko shari'a ko ciniki ko jarida, sannan a ɗora harsuna da sanin mutane a kai. Yarinyar da ta shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi, ta kuma koyi yadda ake magana da mai jego daga ruga da surukarta, ta fi wanda ya yi digiri a sadarwa bai san komai a kan haihuwa ba samun abin yi. Wuraren karatu kuwa ba su yi nisa ba. A Zariya akwai sashen faɗakar da manoma na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar Samaru, a Kano Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da fassara, ga jami'o'in Katsina da Dutsin-ma a gida.

Batun harshe kuma, na lura hankalin yara yana tashi ne zuwa nesa. Ana maganar Sinanci saboda 'yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou, kuma lallai akwai abinci a nan ga wanda ya jure. Ana maganar Larabci saboda aikin hajji da Dubai. Faransanci ma yana da ƙofa, tunda daga Jibiya zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, ko da yake a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Duk ban hana ba. Amma a ganina harshen da ya fi gaggawa ga ɗan Gozaki shi ne Fulatanci, bayansa Yarabanci, kuma kusan ba wanda ke sa su cikin lissafi, saboda mun saba kowa ya koyi namu.

Za a ce ai Fulaninmu duk suna jin Hausa, wasu ma ita kaɗai suke ji. Haka ne. Amma a duba yadda ake zaman ɓarnar gona. Shanu sun shiga dawa da dare, da safe mai gona ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka kira arɗo, aka kira sarkin noma a je a kimanta. Mai gona yana ta magana, muryarsa sama, yana nuna karan da aka tattake. Yaron da ke kiwon yana tsaye gefe, ya rataya sanda a wuya, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba. Jama'a suka ce ka ga taurin kai, ko haƙuri ba zai bayar ba. Alhali tarbiyyarsa ce ta hana shi buɗe baki a gaban manya, kuma nuna tsoro ko roƙo a bainar jama'a abin kunya ne a wurinsu. Ba wanda ya tambaye shi ta ina ya biyo, balle a ji cewa burtalin da ubansa ya saba bi an nome shi bara, mashayar kuma an kewaye ta da lambu. Aka yanka kuɗi, arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji," aka sayar da ɗan maraƙi aka biya. A takarda an sasanta. A zuci kowa ya tafi da nasa, mai gona yana ganin an rage masa, makiyayi yana ganin an yi masa taron dangi. Da a ce cikin masu kimantawa akwai Bahaushe ɗaya da zai ja yaron gefe ya gaishe shi da harshensa, ya ji ta bakinsa, ya dawo ya faɗi a gaban mai unguwa ba tare da ya rage wa mai gona haƙƙinsa ba, da hukuncin zai iya zama ɗaya amma abin da ya biyo baya ya bambanta.

Ba ina cewa rashin tafinta ne ya jawo mana ta'addancin daji ba. Akwai makamai, akwai kuɗin fansa, akwai zalunci da rashin hukunta mai laifi, kuma wanda ya kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ɗan ta'adda ne, ba wata al'ada da za ta wanke shi. Abin da nake cewa shi ne ƙananan shari'o'in nan da aka yi ta yankewa shekara da shekaru ba a ji ɓangare ɗaya ba, sun tara gaba da miyagu suka samu suka hau. Kuma duk ranar da ƙura ta lafa, dole a koma a zauna a kan burtali da mashaya da makarantar 'ya'yan makiyaya, wadda aka kafa wa hukuma tun 1989. Masu iya wannan zama ba su da yawa, kuma ba a horar da su a ko'ina.

Haka abin yake ta fuskar kasuwa. Tumatir da albasa da masarar da ke tashi daga Ɗanja da Kafur da Bakori suna ƙarewa ne a Mile 12 ta Legas da kasuwannin Ibadan. Kakanninmu sun san cewa fatauci ba ya yiwuwa sai da mai masauki, mutumin da ya zauna a Sabo ta Ibadan ko a Shagamu, ya iya Yarabanci, ya san sarakunan gari, yake tsaya wa baƙo a kan bashi da rigima. A Fabrairun 2021 'yar hatsaniya a kasuwar Shasha ta Ibadan ta zama ƙone-ƙone da asarar rayuka, har masu safarar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, tumatir ya ruɓe a hannun manoma a nan. Ƙungiyoyin manoma da na dillalai suna buƙatar matasa masu ilimi da suka iya harshen abokin ciniki, suka iya rubuta yarjejeniya, suka san wanda za a kira tun wuta ba ta kama ba. Ga kuma tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, wadda in ta kankama za ta nemi masu iya magana da jami'an kwastan da kamfanonin jiragen ruwa da masu sayen riɗi da waken suya daga ƙetare.

Dole kuma a faɗa wa matasa gaskiya a kan inda ƙasa ke zamewa. Shekaru da dama burin mai Hausa da Turanci shi ne gidan rediyon waje: BBC da ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus, Muryar Amurka, Rediyon Faransa. A 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da yawancin ayyukan Muryar Amurka, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, ƙungiyoyi da dama a Arewa suka sallami ma'aikata cikin 'yan makonni. Fassarar takarda zalla ma na'ura tana cinye ta. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, yanzu kuma manhajojin sun ƙara gogewa. Wanda duk jarinsa shi ne juya jimla daga Turanci zuwa Hausa, kasuwarsa tana raguwa. Abin da na'ura ba ta yi shi ne zama a zaure ta gane cewa shirun mai gida ƙin yarda ne, ko ta san cewa matar da ake tambaya ba za ta faɗi ciwonta a gaban ƙanin mijinta ba. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya yi rubutu a 1981 a kan yadda mutanen yankin ke neman magani, suna zagawa tsakanin asibiti da malam da boka ba tare da sun damu da bayanin kowannensu a kan asalin cuta ba. Irin wannan sani sai da zama ake samunsa, kuma ɗan gida ya riga baƙo nisa in ya ga dama ya lura.

Akwai guraben da ke nan kusa, ba a kallonsu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samar masa tafinta kyauta in bai jin harshen kotu. A aikace sau da yawa akawu ko masinja ake jawowa ya yi, ba tare da horo ba, a kan maganar da za ta iya kai mutum gidan yari shekaru. Ga kurame kuma, waɗanda Malumfashi take da makarantarsu, amma in ɗayansu ya je asibiti ko ofishin 'yan sanda sai a rasa mai maganar hannu. Gwamnatin jiha tana iya mayar da waɗannan ayyuka sana'a mai daraja da albashi da jarrabawa, kuma ya kamata 'yan majalisarmu su nema.

Abu na ƙarshe da mai shiga wannan aiki zai auna shi ne nauyinsa. Mai tsayawa tsakanin mutane biyu kowa yana zarginsa. Ofis zai ce ya cika kare ƙauye, ƙauye zai ce ya zama ɗan gwamnati, kuma a halin da muke ciki na rashin tsaro, kalmar infoma kaɗai ta isa ta sa a kashe mutum. Saboda haka kada matashi ya shiga sasanci da 'yan bindiga da sunan neman suna ko neman kuɗi, wannan ba fagensa ba ne. Inda fagensa yake, ya yi komai da sanin mai gari da hakimi, kada ya karɓi ko kwabo daga ɓangare ɗaya a ɓoye, kuma ya saba da rubuta abin da aka ce yadda aka ce shi, har da wanda shugabansa ba ya son ji. Zai iya rasa aiki a kan haka. Ina ba da shawarar tun kafin a sa hannu a takardar ɗaukar aiki, a tambayi mai ɗauka: in mutanen gari suka ce ba su yarda ba, wa zan kai wa, kuma me za a yi da maganar? In ba shi da amsa, to mai shela yake nema, sai a san farashin da za a yi masa.